Wanda Ya Kashe Tsoho Mai Sarƙa

A Dogarawa, bayan tasha, inda motocin ƙauye ke jiran fasinja har direba ya yi barci ya farka, nan shagon Kawu Mas'udu yake. Sana'arsa ta ainihi cajin salula ce, wato wayar hannu. Ya ɗora pano mai jan wuta daga hasken rana a kan kwanon rufi, wayoyi sun sauko ta bango kamar yaɗon kabewa, kowane reshe da salular wani a bakinsa. Amma a ƙuryar shagon akwai tele da injin wasa, wanda ƙanensa ya aiko masa daga Kwatano, kuma ƙuryar nan ita ta tara samarin gari. Da rana kaɗai ake kunnawa. Da zarar la'asar ta yi sanyi Kawu zai zare waya ya ce sauran wutar ta masu caji ce, ko kuka za ka yi ba ya saurarenka.

Wasa ɗaya ne a cikin injin. Sunansa na Turawa babu wanda ya wahalar da bakinsa a kai, Garin Toka ake ce masa, don duk inda ka waiwaya a ciki toka ce. Ganuwa ta zube, itatuwa sun ƙone, matattu na yawo da takubba masu tsatsa. Kai kuma an ba ka wani bawan Allah cikin sulke, da garkuwa mai nauyi, an ce ka ratsa. Ba wasan gaggawa ba ne. Ƙaramin matacce ma in ka raina shi yanzu ya kwantar da kai, ka farka can baya a bakin wata busasshiyar rijiya, ka sake tako hanyar tun daga farko. Samari da yawa sun gwada, suka yi tsaki suka koma wasan ƙwallo a salula. Sallau ne ya zauna.

Sallau mai amalanke ne, shi da jakinsa suna ɗaukar bulo da albasa da ruwa, duk abin da rana ta kawo. Mutum ne mai sanyin hannu, ko jakin ba ya duka, sai dai ya yi ta yi masa magana. Wasan ya zo daidai da halinsa. Zai ɗaga garkuwa ya yi ta kewaya dodo, ya bar shi ya yi ta sara har ya gaji, sannan ya ɗan soke shi ya ja baya. Masu kallo har hamma suke yi. Amma dodannin sun yi ta faɗuwa, wannan bayan wannan.

Kuma ba shi kaɗai yake yi ba. A shagon Kawu ba a shiga wasa babu mai kira, kamar yadda ɗan kokawa ba ya shiga fili babu mai yi masa kirari. Wanda ke riƙe da manet, wato abin dannawar, idonsa na kan nasa mutumin. Mai kira kuwa idonsa na kan dodo, shi zai ce "garkuwa!", shi zai ce "mirgina!", in an sami sarari ya zuba kirari. Mai kiran Sallau Labbo ne, mai faci a bakin tasha, abokinsa tun suna kiwon awaki. Yakan jawo jarka ya zauna daf da kafaɗarsa ta dama, hannunsa baƙi ƙirin da taya, muryarsa har tasha.

"Wan Humaira! Kunkuru mai gidan ƙarhe! A sare ka a gaji, ka tashi ka kaɗe toka!"

Shi kuwa Sallau, sai dai ka ga kunnuwansa na motsi.

Haka suka ratsa Garin Toka su biyu har ƙofar ƙarshe, inda Tsoho Mai Sarƙa yake. Wani tsohon sarki ne dogo, fuskarsa duk ƙashi, yana jan sarƙa mai kaurin igiyar rijiya. A nan tafiya ta tsaya. Tun lokacin sanyi suke kansa har zafi ya shigo. Sallau yakan cinye masa jini, wato layin da ke nuna ƙarfinsa a tele, har saura ɗan kaɗan, sai Tsoho ya haukace, ya kaɗa sarƙar ta share filin duka, garkuwa ba ta tare ta, gudu ba ya tsere mata. Sai bakin rijiya. Su dubi juna, Labbo ya ce, "Gobe dai." Sallau ya ce, "Gobe."

Ana cikin haka 'yan ci-rani suka fara dawowa gyaran gona, Sabi'u ya sauka daga mota da jaka a kafaɗa da tabarau a goshi. Sabi'u ɗan gwaggon Sallau ne, taubashinsa ke nan, irin wanda ko zaginka ya yi a gaban jama'a dariya ce amsarsa, in ka yi fushi kai ne abin kunya. Ya yi rani a Kwatano yana sayar da jakunkunan salula, kuma cikin tsarabarsa har da faifan wani wasa.

Ranar da aka sa shi shagon ya cika har ƙofa. Birni ne da ruwa ya cinye, sama na zubar da jan ruwa, namun dawa na tafiya da ƙafa biyu cikin rigunan mutane. Mutuminka siriri ne, wuƙa a kowane hannu, babu sulke, babu garkuwa ko ta ganye. In ka ja baya dodo ƙarfi yake ƙarawa. Sai ka tari takobinsa da naka a daidai lokacin da ya sauko, ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, tartsatsi ya tashi, sannan ka faɗa cikinsa. Kafin azahar ta wuce an raɗa masa suna Walƙiya.

Tele ɗaya ce, sai Kawu ya raba rana. Ya ba Walƙiya bayan azahar, lokacin da mutane ke taruwa suna sayen ruwan sanyi. Garin Toka ya samu hantsi, lokacin da kowa ke wurin aikinsa. Sallau bai yi gardama ba. Ya ce a ransa, ai ba jama'a yake wa wasa ba, shi da Labbo sun isa.

Washegari da hantsi jarka na nan, Labbo ba ya nan.

Bayan azahar, Sallau ya ɗauko bulo zai wuce ta bayan tasha, sai muryar da ya sani ta fito daga shagon ta same shi a kan amalanke.

"Shaho ɗan Kwatano! Ba ka da gida sai bisa! Shiga mata, shiga!"

Jaki ya ji an saki igiya, ya tsaya da kansa. Sallau ya daɗe zaune a rana da bulon mutane a bayansa. Ba kirarin ne kawai ya dame shi ba. Dariyar da Labbo ke yi a tsakanin kiran ce, irin wadda ya daina yi a ƙofar Tsoho tun da daɗewa.

Da yamma a fada, wurin da suke dafa shayi gindin itacen bedi, magana ba ta wuce wasannin biyu. Sabi'u ne ke kan tabarma ya miƙe ƙafa.

"Taubashi, na ga wasan naka," in ji shi. "Wasan tsohhi na. Ka ɗau murhin tukunya ka ɓoye baya, kana zagaye awa wanda akuya taɓ ɓace mai."

Aka yi dariya. Sallau ma ya yi, tunda dole ce.

"Naka hwa na mahaukata na," ya ce a hankali. "Danna, danna, danna. Ko biri anka ba shi yi."

"To a kawo birin mu gani. Wurinmu in ka yi ƙihta ido ka mutu."

"Ku in kun mutu nan kusa kuka tashi. Mu sai ka tako tun daga rijiya, dut matattun da kak kashe sun miƙe suna jiranka."

"Wannan ba wuya ba ta, tahiya ta. Kai dai ka saba da tahiyar jaki."

Jamilu mai dafa shayin ya ɗaga buta ya ce shi a ganinsa Walƙiya gaba da gaba take kashe mutum, Garin Toka kuwa munafuki ne, sai ka saki jiki yake fito maka ta bayan ƙofa. Wani ya ce dodannin Walƙiya sun fi ban tsoro. Wani ya ce ai tsoro daban, wuya daban. Sallau bai ji rabin abin da suke faɗa ba. Labbo yake kallo, yana jiran ya sa baki, shi da ya san kowane lungu na Garin Toka. Labbo yana ta hura shayinsa. Da aka matsa masa sai ya ce, "Kowane da nashi." Kuma a gefen Sabi'u yake zaune.

Sallau ya ci gaba da zuwa da hantsi shi kaɗai. Shagon shiru, sai ƙarar kaji a waje da Kawu na gyangyaɗi a kan benci. Da babu mai kira sai ya fara yi wa kansa, ƙasa-ƙasa, kamar mai lazimi. Cikin shirun nan ya fara jin abin da ihun Labbo ke rufewa. Ashe sarƙar tana magana kafin ta taso. In ta yi ƙara siririya daga hagu za ta zo, in ta ja ƙasa daga sama ne. In Tsoho ya durƙusa kamar zai mutu, ƙarya yake, jira yake ka matso. Har babbar sharar nan ta ƙarshe ya gano maganinta: in Tsoho ya ɗaga hannu biyu, akwai ɗan wuri a gindin ƙafafunsa inda sarƙa ba ta kaiwa, sai dai ka yar da garkuwa ka ruga ciki. Ya gani da idonsa, ya sani sarai. Amma duk lokacin da abin ya zo, babban yatsansa baya yake ja. Hannun da ya saba jira ba ya karɓar wannan umarni.

Ya so ya gaya wa Labbo. Wata safiya ya kwance tayar amalanke ya gangara da ita wurin faci, ya ce iska take sha. Labbo ya zare tub ya hura, ya tsoma a ruwan baho, ya juya, ya sake juyawa. Ko kumfa ɗaya.

"Tayar ga lahiya lau take, Sallau."

"To. Halan ni nag gani ba daidai ba." Ya tsuguna yana wasa da wani tsohon bawul. "Gobe da hantsi kana zuwa? Na gano wani abu ga Tsoho."

Labbo ya share hannu a wando. Bai dube shi ba.

"Aboki, in gaya ma gaskiya? Na gaji da ganin kana mutuwa wuri guda. Ni ma ina son in kira a ci."

"Shi Sabi'u ba shi mutuwa?"

"Shina mutuwa mana. Amma kullum wuri daban."

Sallau ya saɓa tayar a kafaɗa ya tafi. A hanya ya riƙa tuno abubuwan Sabi'u da bai taɓa damuwa da su ba: yadda yake taunar cingam da baki buɗe, yadda yake cewa "a Kwatano" kafin kowace magana, tabaran nan da ba ya sauka kan ido. Ya kai gida ya tarar ya manta bai sa wa tayar iska ba.

Gardamar fada kuwa ba ta mutu ba, har ta kai samari sun rabu biyu, ana ihu a shago ana hana masu caji jin kiran salularsu. Kawu Mas'udu ya gaji. Shi tsohon ɗan kokawa ne, ya taɓa zagaya ƙauyukan Konni da Illela a zamaninsa, kuma a wurinsa kowace gardama a fili ake raba ta.

"Ranar kasuwa za a yi ta ta ƙare," ya ce. "Kowa shi kama wasan ɗan'uwanai. Sallau shi shiga Walƙiya, Sabi'u shi shiga Toka, kowa wurin dodon da mai wasan yat tsaya. Kaye guda. Wanda gwiwa tai tat taɓa ƙasa ya hita."

"Kawu, waɗanga wasanni ai don a mutu anka yi su," in ji Jamilu. "Sai ka mutu ka mutu kaka koyo."

"Ni ban san wannan ba. Wurinmu in an kada ka an kada ka. Wasan da yak kada baƙo da wuri shi am mai wuya."

"To wa ka kira?" in ji Jamilu.

Duk suka dubi Labbo. Kawu ya girgiza kai.

"Labbo ba shi kira ma kowa. Mai wasa shi ka kira ma baƙonai, tunda shi yas san gida. Labbo shaida na, ya san duka biyun. Wanda yay yi kiran ƙarya, Labbo shi hwaɗi, an kada shi ke nan."

Ranar kasuwa tun kafin azahar shagon ya cika, har da mutanen Bazaga da suka kawo wake suka ji labari suka leƙo. Wasu a taga, wasu a kan buhunan gawayi. Labbo ya tsaya jikin bango ya harɗe hannu.

Sallau aka fara ba manet. Sabi'u ya jawo jarkar nan ya zauna a damansa, yana warin turare. A tele wata doguwar gada ce cikin jan ruwa, a tsakiyarta wata dodanniya mai kan kura da mashi.

"Taubashi, saurara," in ji Sabi'u. "Wagga ba a ja mata baya. In ta ɗaga mashi, shiga jikinta. Kana ji?"

Sallau ya gyaɗa kai. A ransa kuwa ya ce, ka ji ɗan banza. Mashi kamar tabarya, a ce in shiga jikinta? So yake a yi mini dariya gaban mutanen Bazaga.

Dodanniya ta taho. Ta ɗaga mashi.

"Shiga! Yanzu, shiga!"

Sallau ya ja baya, yatsansa ya danna inda garkuwa take a Garin Toka. A Walƙiya kuwa wurin nan na shan magani ne. Sai ga mutuminsa ya tsaya cak a gaban dodanniya, ya ciro 'yar gora ya kafa kai yana sha, hankali kwance, kamar wanda ya dawo daga gona. Mashin ya shiga ta ƙirji ya fita ta baya.

Shagon ya fashe. Wani ya faɗo daga kan buhun gawayi. Jamilu na riƙe da ciki yana cewa, "Ya sha hura kahin shi tahi!" Kawu ya ɗaga hannu ya dubi Labbo.

"Kiran gaskiya na," in ji Labbo. "Shi yaƙ ƙi ji."

Wannan ta fi mashin zafi. Sallau ya miƙa manet, suka canza wuri. Aka sa Garin Toka. Ga mutuminsa nan cikin sulken da ya tara masa guntu-guntu, ga garkuwar da ta sha sara, yau a hannun wani. Sabi'u ya ɗan zagaya da shi a bakin ƙofa yana gwada maɓallai. "Kai, wanga nauyi awa buhun siminti," ya ce. Aka sake dariya.

Sallau na zaune a kan jarka yana lissafi. Ƙarya ba ta yiwuwa, ga Labbo tsaye, kuma ya gwammace komai da Labbo ya kira shi maƙaryaci a gaban mutane. Sai wata dabara ta zo masa, har ya ji sanyi a ƙirji. Ai ba sai ya yi ƙarya ba. Shi da aka gaya masa gaskiya yanzun nan, ya yarda? Bai yarda ba. To Sabi'u ma ba zai yarda ba. Ya san an ci wa Sallau fuska, ya san yana jin haushi, duk abin da Sallau ya ce masa kishiyarsa zai yi. Gaskiya tsantsa zai ba shi, ita za ta kashe shi, Labbo kuma ya shaida.

Ƙofa ta buɗe. Tsoho ya miƙe, sarƙa ta yi ƙara siririya.

"Hagu za ta zo. Garkuwa."

Sabi'u ya ɗaga garkuwa. Sarƙa ta daki ƙarfe ta koma.

Sa'a ce, in ji Sallau a ransa. Sarƙa ta ja ƙasa.

"Daga bisa. Mirgina dama. Soka guda, ka ja baya."

Sabi'u ya mirgina dama, ya soka, ya ja baya. Bai ƙara ko rabin sara ba, shi da hannunsa ba ya zama wuri ɗaya. Bai waiwayo ya dubi fuskar Sallau ba balle ya auna ta. Cingam ma ya daina tauna. Kunnensa kawai ya miƙa, kamar makaho da ɗan jagora.

Jinin Tsoho ya fara sauka. Shagon ya yi tsit, sai muryar Sallau, wadda ba ta da kirari ko ɗaya, ƙasa-ƙasa kamar yadda ya saba da hantsi. Can Tsoho ya durƙusa, kansa ya rataya. 'Yan kallo suka ɗau ihu, "Gama shi! Gama shi!" Sallau ya ga kafaɗar Sabi'u ta motsa. Ga jama'a duka na cewa shiga, ga ɗan Walƙiya da bai san ja da baya ba. Nan ne zai faɗi.

"Kak ka matsa. Ƙarya shikai."

Sabi'u ya tsaya. Sarƙa ta share wurin da zai taka, ta wuce a banza.

A nan Sallau ya gane abin da ke faruwa. Mutumin nan ya yarda da shi. Tun farko bai kawo komai a ransa ba. Ya so ya yi shiru, shiru ai ba ƙarya ba ne. Amma bakin ya riga ya saba, sarƙa na yin ƙara yana amsawa kafin ya yi shawara. Kuma ta gefen ido yana ganin Labbo ya saki hannunsa daga ƙirji, ya matso, bakinsa a buɗe, shi yake kallo ba tele ba.

Jini ya rage ɗan kaɗan. Tsoho ya yi kururuwa ya ɗaga hannu biyu.

Wannan kam ba mai yarda, Sallau ya ce a ransa. Ba mahalukin da za a ce ya yar da garkuwa a gaban wannan ya yi.

"Yada garkuwa! Ruga gindin ƙahwahunai!"

Garkuwa ta faɗi a toka. Sabi'u ya ruga. Sarƙa ta zagaye filin duka tana kuka, ta wuce ta saman kansa, shi kuma yana can ƙasa yana sara, irin saran 'yan Walƙiya da ba ya numfashi. Tsoho Mai Sarƙa ya yi tangaɗi, ya zube, ya zama toka iska ta kwashe.

Ihun da aka yi har direbobi suka taso daga tasha. Aka ɗaga Sabi'u sama, kansa ya bugi kwano. Kawu ya yanke hukunci yadda ya alkawarta: Walƙiya ta kada baƙonta nan take, Toka ta kasa kada nata, Walƙiya ce mai wuya. Ba wanda ya saurari Jamilu da ke cewa ba haka ake aunawa ba. A tele wata ƙofa ta buɗe, haske ya shigo, rubutu ya fara hawa. Injin ya riga ya adana. Tsoho ba zai sake tashi ba, sai dai in mutum ya koma tun farkon wasan.

Sabi'u ya sauko ya rungume Sallau, gumi na zuba.

"Taubashi! Walle ban ga komi ba, bakinka kawai nika bi! Kai ɗan jaki, ashe haka kake? Daga yau kai ka kira min, ko Walƙiya ɗin. In koya ma ita cikin kwana kaɗan."

Sallau ya yi murmushin da ya samu. Ya zame ta cikin mutane ya fita, ya kwance jakinsa a gindin bedi. Bai hau ba, ya kama igiya suka bi hanyar gida a ƙasa. Ƙirjinsa kamar an kwashe kaya daga ɗaki. Wata da watanni yana tanadin ranar nan, ya sha ganin ta a ransa: shi da manet, Labbo na ihu har muryarsa ta dushe. Ga ta ta zo ta wuce, da hannun wani.

Bai kai bakin marina ba ya ji takun silifa a bayansa.

"Kai! Tsaya nan!"

Labbo ne, yana haki, idonsa ja.

"Mi kay yi haka?"

"Mi niy yi?"

"Ka ba shi Tsohonmu! Tun sanyi muna bisa nai, ni da kai, kad ɗauka kab ba ɗan Kwatano cikin yini guda!"

"Kawu yac ce a yi kiran gaskiya. Kai as shaida."

"Shaidar banza! Ka yi tari mana! Ka yi atishawa! Wa zai kama ka?" Ya tsaya ya ja numfashi. "Kuma zancen ƙarar sarƙa, da gindin ƙahwahu, yaushe kas san su? Ni ina nan ba ka gaya min ba?"

"Na zo gaya ma. Da taya."

Labbo ya kau da kai. Ya shuri wani gwangwani.

"To ai sai ka matsa min. Kai komi sanyi-sanyi. Ni cewa niy yi in ɗan huta in dawo, ina Tsoho za shi? Yanzu ga shi wai kai ka kira mai. Har da runguma. Za ka?"

Sallau ya dube shi. Fuskar Labbo a murtuke, yana satar kallonsa yana jiran amsa. Sallau ya san wannan fuskar. Ita shi kansa ya yi ta yawo da ita a gari tun saukar Sabi'u. Wani abu mai ɗumi ya taso masa daga ciki, bai san sunansa ba, kuma bai yi ƙoƙarin kore shi ba.

"Ban sani ba tukuna," ya ce. "Hannunai na da kyau."

"Hannunai! Danna-danna ɗin? Ba kai kac ce ko biri shi yi ba?"

Sallau ya ja igiya suka ci gaba. Labbo ya bi shi ta dama, kafaɗa da kafaɗa, yana ta faɗa. Ya zagi Kawu da dokar kokawarsa, ya zagi tabaran Sabi'u, ya ce Walƙiya wasan yara ce, hayaniya kawai, in mutum na son ya san wuya ya tako daga rijiya ba mai kira ya gani. Ya ce gobe da hantsi za su share komai su faro daga farko, kuma wannan karon in Sallau ya ja baya a gaban Tsoho shi da kansa zai fizge manet ɗin.

Sun zo mararrabar da ke shiga unguwarsu. Sallau ya dubi gajeriyar hanyar, ya dubi Labbo da bai kai rabin faɗansa ba, sai ya karkata kan jaki suka bi ta bayan makarantar boko, inda hanya ta fi nisa.